Ba'amurken da Ya Zo Jin Sunansa

Sunansa Abdulrasheed, ɗan Alhaji Kallamu mai yadi, ɗan Malam Illa marini, ɗan Dogara wanda ya taso daga ƙasar Damagaram da jakunan kanwa, ya sauka a Kano, bai ƙara komawa ba. Ta wajen uwa kuwa, ɗan Malama Lorraine ne, baƙar fatar Amurka, 'yar wani ma'aikacin jirgin ƙasa a jihar Ohio, wadda ta zo Kano koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata, ta auri Kallamu tun yana yaron shago a Kantin Kwari. An haifi Abdulrasheed a Fagge cikin shekarar 1973, shi ne ɗan fari ga uwa da uba. Yana da shekara huɗu auren ya mutu, ba da faɗa ba, kowa ya gaji ne kawai. Ta ɗauke shi ta koma ƙasarsu, ta sake aure, ta sake gari, labari ya yanke.

A can ya tashi, Hausa ta zube daga bakinsa, ba abin da ya rage masa sai "zo" da "ruwa". Ya karanci aikin jarida, ya fara da wata ƙaramar jarida ta garinsu, yana ɗauko labaran kotu da na gobara. Daga baya aka ba shi shafin mamata. Al'adar jaridun can ce, idan mutum ya rasu a rubuta taƙaitaccen tarihinsa, ko direban bas ne ko mai gadin makaranta. Abokan aikinsa sun ɗauki wannan shafi a matsayin horo. Shi kuwa a nan ya gane abin da ya iya. Ya shekara goma sha yana shiga gidajen makoki yana tambayar mata da 'ya'ya wane irin mutum ne wanda ya tafi. A nan ya kafa wa kansa ƙa'idar da bai taɓa saɓawa ba: ba ya rubuta magana sai ya ji ta daga bakin mai ita, ko kuwa shaidu biyu sun tabbatar masa.

Ya rubuta littattafan tarihin rayuwa guda biyu. Na farko a kan wata mata ce da ta jagoranci ƙungiyar masu wanki da guga a wani birni, aka yaba masa, aka gayyace shi jami'o'i ya yi jawabi. Na biyu a kan wani makahon mai gyaran agogo ne, wanda shi yake ganin ya fi na farko kyau, amma kusan ba wanda ya saya. Ana cikin haka aka sayar da jaridar, aka rage ma'aikata, aka sake ragewa, sannan aka rufe ta. Aurensa ma ya mutu, babu haihuwa. Mahaifiyarsa ta rasu a 2015. A cikin jinyarta ne ta gaya masa cewa ubansa mutumin kirki ne, kuma ba ta san ko yana raye ba. Wani Bakano mai tuƙin tasi a birnin Columbus ne ya yi ta buga waya Kantin Kwari har aka gano cewa Alhaji Kallamu yana nan da ransa, amma ya daɗe da komawa ƙasar Sin, yana da shago a ginin Tianxiu da ke Xiaobei, a birnin Guangzhou.

Ya iso a kakar 2016, daidai lokacin baje kolin Pazhou, lokacin da ɗaki yake wuyar samu. Da ƙyar ya sami wani ƙuntataccen masauki a Sanyuanli, a saman kasuwar tufafi. Ni a lokacin na riga na yi ritaya daga shugabancin makarantar sakandare, nakan zo wajen ɗana Lukman in yi watanni, kuma yawancin yinina a shagon Alhaji Kallamu nake yi, don shi ne sa'ana a duk benen. Ina zaune ya shigo: dogo, da jaka a kafaɗa, da goshin Alhaji sak. Ya faɗi ko shi wane ne da Turanci, na fassara.

Alhaji ya dube shi sau ɗaya. Sai ya sunkuyar da kai, ya ce wa 'yarsa Nana, wadda take riƙe masa shagon, "A kawo wa baƙo shayi." Daga nan ya juya ya ci gaba da ciniki da wani Basine a kan bandir ɗin shadda, suna miƙa wa juna kalkuleta. Bai tashi ba, bai rungume shi ba, bai tambaye shi hanya ba. Ni na ga yadda yake ta buga lamba a kan kalkuletar yana gogewa. Baƙon bai gani ba, don yana kallon fuskar ne.

Da niyyar wata uku ya zo, zai rubuta tarihin mahaifinsa ya zama littafinsa na uku. Alhaji bai ƙi ba. Kullum bayan la'asar, idan masu saye sun ragu, sai Abdulrasheed ya ajiye 'yar rikodarsa a kan kanta, ni ina tafinta. Alhaji kuwa gwanin labari ne. Ya ba shi labarin Kwari, da Dubai, da Bangkok, da yadda ya sauka Guangzhou a 2003 bai san ko kalma ɗaya ba sai da ya koyi "meyo", wato babu, domin ita ce amsar da aka fi ba shi. Ya ba shi labarin kwantenar da ruwa ya shiga, da masaƙar da ta yi masa kalar da bai ce ba. Duk wannan ya fito a sauƙaƙe. Sai ranar da aka zo kan iyali.

"Baba, 'ya'yanka nawa?"

"Alhamdu lillahi. Akwai Nana, ga ta nan tana hana ni cin kilishi. Akwai Firdausi, tana aure a Gwammaja. Akwai Sa'adiya. Sai auta, mai sunan kakana."

"Su ke nan?"

"Malam," in ji Alhaji, yana duban wajena, "gaya wa mutumin Amurka shayinsa yana hucewa."

A hanyarmu ta zuwa tashar jirgin ƙasa na yi masa bayani dalla-dalla, kamar yadda na saba yi wa ɗalibai. Na ce masa wannan alkunya ce. Mutanen dauri, musamman irin gidan da Alhaji ya fito, ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa lissafa shi cikin 'ya'ya a gaban jama'a, ba sa nuna masa so a fili, kuma gwargwadon matsayinsa a zuciya gwargwadon kawar da kai. Ya saurare ni har na gama, cikin ladabi.

"Malam," ya ce, "na shiga gidajen makoki da yawa. Duk gidan da aka ƙi faɗin wani suna, akwai bayani mai daɗi da aka tanada wa baƙo. Wata rana bayanin gaskiya ne. Wata rana kuma an manta da mutumin ne, ko ana fushi da shi. Kusan shekara arba'in ba mu ga juna ba. Ta yaya zan bambance kunya da mantuwa? Kamarsu ɗaya daga waje."

Na ce masa ni shaida ne. Ya ce ni shaidar al'ada ne, ba shaidar zuciyar Alhaji ba. Ban ji daɗin amsar ba, amma ban sami abin da zan kushe a cikinta ba. Abin da yake nema ƙarami ne, kuma ya faɗa mini shi ƙarara: ya ji sunansa sau ɗaya daga bakin ubansa. In ya ji, zai rubuta babin farko ya koma gida.

Wata uku suka zama shekara. Ya nemi aikin koyar da Turanci a wata makaranta mai zaman kanta don ya sami takardar zama. Ya ɗauke ni malamin Hausa, kuma zan faɗa ba tare da ƙari ba cewa ban taɓa samun ɗalibi mai naci irinsa ba, ko da yake har yau ƙ da k suna ba shi wahala. Da Hausarsa ta kama, sai ya daina buƙatar tafinta, ya shiga bin shaguna yana ɗaukar tarihin 'yan kasuwa, na Kano da na Maraɗi da na Yamai, yana aika wa wata mujalla a ƙasarsu, wani lokaci a buga, sau da yawa a yi shiru. Mutanen Tianxiu suka sa masa Ba'amurke. Sukan tsokane shi, "Ba'amurke, yau wa za a binne a takarda?" Shi kuma ya ce, "Wanda bai saya mini shayi ba."

Ya gwada dabaru iri-iri a kan Alhaji, irin na gwanayen tambaya. Ya kawo tsohon hoto na ranar suna ya ce a faɗa masa sunayen waɗanda suke ciki. Alhaji ya faɗi na kowa har da wanzami, da aka zo kan jaririn ya ce hoton ya dushe. Ya taɓa ɓoyewa a bayan tulin bandir don a neme shi, Alhaji ya ce, "Nana, ina wancan?" In zai yi masa magana kai tsaye, "kai" ne kawai. Amma kullum akwai kwanon tuwo da ake ajiyewa a ƙarƙashin kanta, ba a ce na wane ne ba, ba kuma mai taɓa shi.

Sai annobar korona ta zo. Ba zan tsawaita a kanta ba. Waɗanda suka zauna a Xiaobei a wannan shekara sun san abin da suka gani. Da aka buɗe gari, rabin benen babu kowa. Masu saye da yawa sun koyi yin odar kaya ta waya daga Kano, ba sa buƙatar dattijon da zai taɓa yadi da yatsa ya ce wannan zai yi. Shagon Alhaji ya koma rabin girmansa. Sabunta takardar zama ta zama masa azaba a shekarunsa. Yakan zauna yana kallon lifta tana hawa tana sauka babu mai fitowa. Abdulrasheed ma furfura ta kama shi. Littafin ya yi kauri, yana da kowane babi ban da na farko. Na taɓa ce masa ya rubuta abin da ya samu ya huta. Ya ce bai iya fara tarihin mutum da abin da bai tabbatar ba.

A benen akwai wani Bamaraɗe mai aika kaya, wanda kowa yake kira Sarkin Kaya, har Sinawa. Shi yake tura wa Alhaji kwantena shekara da shekaru. A 2023 ya yanke shawarar rufe ofis ya koma gida, sai Abdulrasheed ya ce bari ya ɗauki tarihinsa kafin ya tafi. Muka same shi a cikin kwalaye, yana ɗaure tsofaffin takardu. Aka kunna rikoda, aka fara da tambayar da yake fara wa kowa da ita.

"Cikakken sunanka?"

"Abdulrasheed Maidaji."

"A'a! Ashe takwara ne. Shekara bakwai muna shan shayi tare ban sani ba?"

"Yo wa zai gaya maka? Ni kaina in an kira shi sai na waiga in ga da wa ake. Tsohonka ya kashe mini suna, Ba'amurke, wallahi shi ya kashe shi."

"Kamar yaya?"

"Shekarar da na zo, ba ni da ko kwali guda na aikawa, na shigo shagonsa neman aiki. Ya ce mi sunanka, na faɗa. Sai na ga patoro, maigidan ke nan, ya yi kamar an taka masa ƙafa. Kana ya ce, daga yau kai ne Sarkin Kaya. Na ce Alhaji wane kaya, ko takalmin kirki ba ni da shi! Shi ke nan fa, ya bi ni. Wata rana wani baƙo daga Kano ya tambaye shi sunana na gaskiya, zai rubuta a takardar kaya. Ka san abin da ya yi? Tashi ya yi da ƙafarsa, ya sauko bene biyu, ya jawo ni, ya ce gaya masa da bakinka. Ni na ɗauka ko wani mai sunan ne ya taɓa cutarsa. Sai da ka zo na ce, af, ashe ɗan fari ne."

Abdulrasheed ya tambaye shi ko a wancan lokacin akwai wanda ya san Alhaji yana da ɗa a Amurka. Ya ce ko mutum ɗaya babu. Nana ma ba ta zo ba tukuna. Daga nan Abdulrasheed ya sauka ƙasa wajen wata tsohuwar Basiniya mai sayar da buhuna da salatif, wadda ta riga kowa zama a ginin. Ta tuna. Ta ce ita ta zaci lawban Kallamu, wato maigida Kallamu, bai iya furta sunan ba ne, har ta taɓa ƙoƙarin koya masa, ya toshe kunne ya bar mata shagon.

Da muka fito na ce masa, to, shaidu biyu sun cika: mutum ba ya kunyar sunan wanda ya manta, balle a ƙasar da ba mai ganinsa. Ya amince. Ya ce gobe zai fara babin farko, kuma ya fara. Amma da muka tsaya jiran jirgi sai ya ce, "Littafin ya samu abin da yake nema, Malam. Ni ne ban samu ba."

A bazarar 2024, bayan an tashi daga baje koli, Alhaji ya yanke jiki ya faɗi a shago da hantsi. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ya farfaɗo a asibiti, bakinsa ya ɗan karkace, magana tana fita da ƙyar, kuma abu ɗaya yake maimaitawa: a kai shi Kano. Likitar, wata matashiya mai natsuwa, ta ce ba za ta sa hannu ya hau jirgi ba sai ta gwada ƙwaƙwalwarsa. Muna tsaye mu uku a bakin gadon, Nana tana fassara, don ita ce mai jin Sinanci sosai. Aka tambaye shi wane gari yake, ya faɗa. Aka nuna Nana, ya faɗi sunanta. Aka nuna ni, ya ce, "Hedimasta," har da ɗan murmushi. Sai aka nuna Abdulrasheed.

Alhaji ya juya fuska bango.

Likitar ta sake tambaya, ta yi rubutu, ta yi wa Nana magana a hankali. Nana ta durƙusa. "Baba, don Allah. Ta ce in ba ka gane ɗanka ba, to abin ya taɓa ƙwaƙwalwa, ba za ta bar ka ka tafi ba. Sau ɗaya ne, Baba. Ba wanda zai ji sai mu."

Na ga zufa ta tsattsafo masa a goshi. Na ga leɓensa ya fara motsi, yana haɗa harafin farko kamar mai ɗaga dutse. Na kuma ga hannun Abdulrasheed ya tafi aljihun ƙirjinsa inda rikodar take zama, ya tsaya a can. Shekara takwas ke nan yana jiran wannan motsin leɓe.

"Baba, bari," ya ce. "Kada ka faɗa."

Ya juya wajen likitar ya yi mata bayani da Turanci, a taƙaice, ya fi yadda ni na yi masa kyau. Ya ciro fasfo ɗinsa ya miƙa mata, ya ce ta riƙe, a tambayi tsohon yaushe aka haifi mutumin da ke tsaye, ta duba da kanta. Nana ta tambaya. Alhaji bai juyo ba. Da bangon ya yi magana, kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Wancan... shekarar da naira ta fito. Watan Agusta. Ana ruwa... kwana aka yi ana ruwa. Ragon fari ne, kunnensa baƙi. Ni na je na sayo shi... ban aiki kowa ba."

Likitar ta dubi fasfo, ta dubi Nana da take fassara tana share hawaye, ta soke abin da ta rubuta. Bayan mako biyu Nana ta tafi da shi gida. Ya rasu a Kano bayan azumin da ya biyo baya. Abdulrasheed bai sami jana'iza ba, ya isa ana zaman makoki, ya zauna a tabarma yana karɓar gaisuwa a matsayin babban ɗa, a unguwar da ya bari yana shekara huɗu. Sannan ya dawo ɗakinsa na Sanyuanli. Ya gama littafin, ya aika wa masu bugawa a ƙasarsu, har yanzu ba su ba shi amsa ba. Yana nan yana koyar da Turanci da safe, da yamma yana bin shagunan da suka rage da rikodarsa. Shagon Alhaji yanzu wani mai sayar da murfin waya ne a ciki.

A zuwana na ƙarshe muka zauna a wani gidan shayi a Xiaobei, na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina. Na ce abin da ya tsallako teku dominsa ya zo har bakin leɓe, ba shi ya tilasta ba, ba wanda zai zarge shi. Me ya sa ya hana?

Ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni.

"Malam, sunan nan kowa yana kirana da shi. Mai gidan haya yana kira, 'yan sanda suna kira. Mutum ɗaya ne a duniya ya riƙe shi a baki shekara hamsin bai bari ya fita ba, ko a inda ba a san ni ba. Bai aiko mini da komai ba ina yaro, bai san ma inda nake ba. Wannan kaɗai ya iya ajiye mini. Da na tsaya na bari an ciro shi a gaban baƙuwa, yana kwance ba ya iya tashi ya bar ɗakin, da na ji abin da nake so, shi kuma ya koma Kano ba shi da shi. Kuma gaskiya na gaji, Malam. Tun ina saurayi aikina ke nan, in zauna a gaban mutum har sai ya faɗi abin da ba ya son faɗa. Ran nan na duba na ga ubana ne a kan gadon. Ban da haka ma, ai ya gaya mini kalar ragon."